Shekarar da Na Yi Binne

Har yau idan hadarin farko na damana ya haɗo daga gabas, hankalina tashi yake yi. Mutane na ta hamdala, yara na tsalle a titi, ni kuwa sai in kasa zama wuri ɗaya. Matata ta ce wannan ba lafiya ba ce. Na ce mata na sani, har shekarar da na kamu ma na sani.

Lokacin ina aji biyu a jami'a a Damagaram, ina karatun shari'a, kuma zamana na biyu ke nan a ajin. Dokar a fili take: wanda ya maimaita aji ya sake faɗuwa, ya kwashi komatsansa ya ba mutane wuri. Wanda kuma ya tsallake jarrabawa ko guda ɗaya, sifiri za a dangwala masa, ba mai tambayarsa dalili. Faɗuwar farko ba daƙiƙanci ne ya jawo mini ita ba, ko da yake akwai masu faɗin haka a garinmu. Babana ne ya kwanta ciwo, na yi ta zirga-zirga tsakanin Damagaram da ƙauyenmu na ƙasar Gangara, har Allah ya yi masa cikawa bayan an kai hatsi rumbu. Kafin nan karatu ya riga ya yi mini nisa, na faɗi.

Ya bar mini Inna, wadda gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ta, da ƙannena mata biyu da ba su kai ɗaukar tulu ba, sai kuma gona. Jigawa ce a arewa da gari, da wani babban gawo a tsakiyarta. Ita muke ci tun da na yi wayo. Kakanmu ne ya nuna wa babana ita da sanda, ya ce daga nan zuwa can taka ce. Babu takarda, babu shaida sai tsofaffin da yawancinsu sun bi shi. Maƙwabciyarta gonar Baffa ce, wan babana, tsakaninsu ba komi sai ƴar siririyar iyaka da ake bar wa ciyawa.

Ba zan ce Baffa mugu ne ba. Shi ya wanke gawar babana, ya yi kuka har ya ba mutane tausayi. Amma yana da ƴaƴa maza reras, kowa da matarsa, kowa da bakunan ci, gonarsa kuma ba ta ƙara faɗi. A wajenmu kuwa gona ba ta zama haka nan. Idan ruwan shuka ya sauka aka ga ba namijin da ya sari ƙasa a gonar marayu, ɗan'uwa zai shiga da sunan taimako. Zai ce aro ne, kafin yaro ya gama abin da yake yi. Shi zai shuka, shi zai nome, shi zai girbe, ya aiko wa gidan da abin da ya ga dama. Baɗi kuma ya riga ya zuba taki, da wane baki za a ce masa ya fita? Na tashi na iske gonaki a garinmu da aka ara haka tun kafin a haife ni, har yau aron ake yi. Kai ƙarar wan ubanka gaban sarki kuwa, sai in ka shirya barin garin kai da uwarka.

A shekara mai hankali ana gama jarrabawa kafin ruwa ya sauka, in dawo gida in ɗauki sungumi kamar kowa. Wannan shekarar kuwa yajin aiki aka yi ta yi, yau malamai, gobe ɗalibai, har muka watse kowa ya kama gabansa. Na yi bazarar a gida. Da safe in yi sassabe, in tara tsohon kara, da rana in zauna ƙarƙashin gawo da tarin takarduna, ina dannawa da dutse kada iska ta kwashe. Ina nan zaune wata rana saƙo ya shigo wayata cewa an sasanta, a koma aji, an kuma sa lokacin jarrabawa. Na duba watan da aka faɗa, na ɗaga kai na dubi sama. Daidai lokacin da ruwan shuka ke sauka a yankinmu na Damargu, ba gaba ba baya.

Da yamma Baffa ya shigo gidanmu gaida Inna, ashe labari ya riga ni isa gari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dafa kaina ya ce, "Kai dai je ka yi karatunka, lauya. Gona kada ta dame ka, ga ƴan'uwanka nan birjik." Da murmushi ya faɗa, kuma wataƙila har zuciyarsa. Ni dai da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa," na fita bayan gida na yi ta huci.

Kwana na yi ina juya abin kafin dabarar binne ta faɗo mini. Binne shi ne ka shuka a busasshen rairayi tun ruwa bai zo ba, ka bar iri a ƙasa yana jira. Caca ce tsagwaronta. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne, iri zai tsiro, rana ta ƙone shi, ka tashi a tutar babu. Amma ni ga yadda na lissafa: gonar da aka riga aka shuka ba wanda zai shiga ya ce taimako ya zo yi. Ruwa ya zo ina Damagaram, hatsina zai fito da kansa, kafin ya isa noma na gama na dawo. Wallahi har dariya na yi ni kaɗai, na ga kamar duk Damargu ba wanda ya kai ni wayo.

Inna ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari. Da na gaya mata, ta aje ludayin da ke hannunta ta ce, "Kai, duka gonar? Ubanka ko rabi bai taɓa binnewa ba."

Na ce, "Shi ba shi da jarrabawa, Inna."

Sai ta sa aka sauko da zangarniyar irin da babana ya zaɓa da hannunsa a girbinsa na ƙarshe. Ta sussuke, ta sheƙe, ta ɗibi kaɗan ta ƙulle a tsumma ta ɓoye, ta miƙo mini sauran.

Shuka aikin mutum biyu ne, namiji na sara, wani na biye yana zuba iri yana rufewa da dunduniya. Ni kaɗai na yi duka biyun. In sari layi har ƙarshe, in dawo da ƙwarya in bi shi. Rairayin bazara kuwa ba ya riƙe rami, kana sara yana zubewa, ga zafi yana ratsa takalmi. Hannun da ya saba da alƙalami ya yi ƙulu-ƙulu, ya fashe, ya sake yi. Masu zuwa rijiya a kan jakuna sukan tsaya su yi ta kallona. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Sannu da aiki, ɗan lakkwal, ɗan boko! Ko an bugo maka waya daga sama ne?" Suka kwashe da dariya. Na ci gaba da sarana. Ranar da na gama, Baffa ya zo ya tsaya a bakin iyaka, hannuwa a baya, ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce, "Allah ya sa a dace." Na ce amin da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Da zan tafi na tsaya a ƙofar ɗakin Inna da jakata na ce, "In binnen nan ya ƙi, ranar da ruwan shuka ya sauka ki sa a kira ni. Ko a tsakiyar jarrabawa nake zan aje alƙalami in taho." Ba ta da waya, sai ta maƙwabcinmu, kuma sai an hau tudun bayan gari ake samun rezo mai ƙarfi, wato sabis ɗin da magana za ta fita sosai. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ban lura ba a lokacin cewa ba ta ce to ba.

A Damagaram ɗaki ɗaya muke haya da wani abokina, Buzu ne daga wajen Tenhiya, ajinmu ɗaya. Shi ya ga yadda na koma. In buɗe takarda in karanta shafi, in kai ƙarshe, in ga ko kalma ɗaya ba ta zauna ba, in sake daga farko. Malami na bayani a gaba, ni ina ƙirga tsiro a jigawar da ke nisan yini guda. Abinci ya daina wucewa, loma biyu sai ƙirjina ya ɗauki wuta. Wando ya fara zamewa har sai da na ƙara huda a bel. Barci kuwa sai dai in ga ana yi. Ga saurin fushi, wanda dama ina da rabona. Wata rana a babban ɗakin karatu na shaƙe wani bawan Allah a kan wurin zama, sai da aka ɓamɓare ni. Da na dawo hayyacina na ga yaron ko sanina bai yi ba, kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Ba abin da ban gwada ba. Na sha rubutun da Inna ta zuba mini a gora. Na shiga rukunin masu bita, na fita, don in na ji wani ya kawo abin da ban sani ba sai gabana ya yanke ya faɗi. Ƴan ajinmu na da wata ƙwaya da suke saye wurin masu tallan magani, wai tana buɗe kai. Na sha ta ƴan kwanaki. Kai bai buɗe ba, sai zuciya da ke dukan ƙirjina kamar ana sussuka, hannu na rawa har ba na iya ja layi. Abokina ya gan ta a aljihun rigata, ya ɗauka ya je ya jefa a masai, ya dawo ya ci gaba da fifita gawayinsa.

Maganinsa shi shayi ne. Kullum bayan la'asar sai ya fito da ɗan murhunsa na waya ya ce, "Bahaushe, zauna." Dokarsa ita ce muddin buta na kan wuta ba takarda, ba waya. Ya fi kowa jan rai a dahuwar shayi, ya zuba ya mayar, ya ɗanɗana ya mayar, ni ina zaune ina karkaɗa ƙafa kamar in shaƙe shi. Amma gaskiya ita ce, a duk yinin, wannan zaman ne kawai nake jin numfashina ya sauka har ciki. Shi ma da nasa a ransa. Bisashen gidansu na faɗuwa a bakin rijiya don ba ciyawa, yayansa na bugo masa waya yana gaya masa wadda ta mutu. Bai cika zancen ba, sai dai ka ga ya daɗe yana kallon garwashi.

Ni kuma na tsiri wata ɗabi'a, zuwa tashar motocin Tanut, masu bin hanyar garinmu. Ana tashi daga aji sai in kama hanya a ƙasa, in tsaya ina jiran motocin arewa. Duk wanda ya sauko in tare shi: "Sannu da hanya, an yi ruwa wajenku?" Har ƴan kamasho suka san ni, da sun hango ni sai su ce ga mai gadin hadari nan ya iso. Daga can in hau duwatsun bayan unguwarmu in zuba wa arewa ido, sai ka ce daga nan zan hango gawon babana.

Ana saura ƴan kwanaki a fara jarrabawa Inna ta kira. Da rana ne, ina tsaye a inuwar bango. Muka gaisa, ta tambayi jiki, ta tambayi abokina, ta yi ta kewaye-kewaye. Sannan ta ce, "An yi ɗan yayyafi kwanan baya. Abinka ya fito, gwanin kyau. To, daga nan sama ta ɗauke, ga iska mai zafi. Jiya na sa aka kai ni a jaki na gani. Sai haƙuri."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ce, "Duka?" Ta ce, "Duka." Abin da na yi ta faɗa bayan nan ban riƙe shi daidai ba. Na san dai na yi ta maimaita cewa shi ke nan, an gama da mu, na ce gara in mutu in huta, na yi kuka da majina a gaban ƴan mata suna wucewa. Ta cikin wayar ina jin kukan jaki. Da na lafa ta ce, "Akwai sauran irin da na ɓoye. Ruwan kirki bai zo ba tukuna. Tashi ka wanke fuskarka."

Daga ranar na shiga halin da ban taɓa shiga ba. Gona ta koma fili, duk wanda ya riga sara bayan ruwa shi ke da ita. Abin da zai cece ni ɗaya ne, kada ruwa ya sauka sai na gama. Ni ɗan manomi, jikan manomi, ƙasa duka na kukan fari, ana fita roƙon ruwa, ni ina cikin sahu na ɗaga hannu amin ta ƙi fita daga bakina. Na tsani kaina ƙwarai. Wata la'asar muna zaman shayi gabas ta yi duhu, ban san a fili na faɗa ba, na ce, "Ya Allah ka riƙe shi har mu gama." Sai da maganar ta fita na tuna wa ke zaune gabana, da abin da ke mutuwa a gidansu. Ya ɗago ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya zuba shayi ya miƙo mini ya ce, "Sha. Ba ni ke riƙe da shi ba, ba kai ba."

Aka fara jarrabawa. Yau a yi ɗaya, a tsallake kwana, a yi wata, abu ya yi ta jan jiki. Muna tsakiyar wata da hantsi sai ɗakin ya yi duhu, iska ta bugo tagogi, ƙamshin ƙasa ya shigo. Can sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Rufin kwano ya ɗauki ƙara, ɗalibai suka fara shewa har mai tsaro ya buga tebur. Ni kuwa alƙalami ya ƙi motsi. Ina kallon tambayar, na san amsar, jiya-jiya na karanta ta, amma abin da nake gani ƴaƴan Baffa ne sun jeru da sungumi a kafaɗa. Na miƙe tsaye, mai tsaro ya ce ina zuwa, na ce ba ko'ina, na koma na zauna. Na rubuta abin da na rubuta, gumi na ɗiga a kan takardar.

Ina fita na kira maƙwabcinmu, na ce a taimaka a kai wa Inna. Na tsaya cikin ruwa ina jira har ta hau tudu da gwiwoyin nan nata. Ta ce, "Mu nan iska ce kawai. Ya tsallake mu." Na sauke ajiyar zuciya, na yi hamdala a kan abin da bai kamata a yi hamdala ba.

Washegari a tasha wani direba ya ce ai hanya duk ta jiƙe har Tanut, kuma ya ji an ce ƙasar Gangara ma an samu. Na koma ɗaki na cusa kaya a jaka, abokina na kallona, na sake kiran gida. Ta ce, "Cikin garin Gangara ne aka samu, mu ko ɗigo."

Na ce, "Inna, ki rantse."

Kai, ranar na ji faɗa. "Ni za ka sa rantsuwa? Ni da na haife ka? Abin da ake koya muku ke nan a can?" Ta wanke ni tas, na yi ta ba da haƙuri har kuɗin wayar suka ƙare. Na yarda da ita, don haka ruwan Damargu yake, ya jiƙa wannan gari ya bar na kusa da shi a bushe. Na zazzage jakar na ɗauki takarda. Haka muka yi ta yi har ƙarshe, kullum in kira, kullum ta ce tukuna.

Ranar da na rubuta ta ƙarshe ko ɗaki ban koma ba, da jakata na shiga. Na sami mota, na sauka a bakin kwalta, na hau ta ƴan kasuwa mai shiga daji. Tun a hanya na ga ƙasa ta yi kore, na ce wa kaina nan ne aka samu, gaba ba a samu ba. Muka wuce gari, muka wuce wani, kore bai yanke ba. Da na fara gane itatuwan ƙasarmu, na ga hatsi a gonakin mutane ya kai idon sawu, sai na daina gaya wa kaina komi. Na ce a sauke ni kafin gari, na yanki daji da jaka a kai.

Gonar ta yi kyau, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Tsiro ya fito lafiya lau, ba giɓi. Layukan shuka sun taso daga cikin gonar Baffa, sun ratsa iyaka, sun shige tamu har ƙarshenta ba tare da sun karye ba. Wanda bai sani ba zai ce gona ɗaya ce. Na tsaya a nan har ƙafafuna suka gaji.

Na iske Inna a tsakar gida tana tsince yakuwa. Ban yi sallama ba, Allah ya yafe mini. Na ce, "Yaushe ya shiga? Wa ya ba shi?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni na je. Bai roƙa ba. Ranar da ka kira ka ce ana ruwa wajenku, mu tun daren da ya gabata aka yi mana. Da gari ya waye na ɗauki ƙullin irin na kai masa."

Na ce, "Kin san abin da kika yi? Kin san ba za ta dawo ba?"

Ta ce, "Na riga ka sani." Sai a lokacin ta dube ni, daga sama har ƙasa, ta ga yadda riga ke lilo a jikina. "Na ji muryarka ranar da na gaya maka binne ya ƙone. Wannan ba muryar mai lafiya ba ce. Bara na rasa ubanka. Ban shirya a zo a ce mini an gan ka a tasha kana magana kai kaɗai ba." Ta mayar da kai kan yakuwarta. Can ta ce, "Ka rubuta duka?"

Na ce, "Na rubuta."

Ta ce, "To."

Na so in fasa wani abu, na rasa abin fasawa. Na shiga ɗakin babana na kwanta a ƙasa, na yi barcin da rabona da irinsa tun bazara.

Da noma ya kama, Baffa ya aiko mini da hauya, ya ce in zo in kama wa ƴan'uwana. Na je. Na nome gonar babana ina bin bayan ɗan Baffa, shi ke nuna mini layin da zan ɗauka. Muna cikin maimai, noma na biyu, abokina ya bugo ya ce an fito da sakamako, mun ci mu duka biyu, ni da ƙyar. Na ce masa madalla. Na jira in ji daɗi, bai zo ba. Inna ce ta yi guɗa da na gaya mata, har maƙwabta suka leƙo.

Damanar ta yi albarka. Da aka yi girbi, sai ga amalanke a ƙofar gidanmu da damman hatsi, ɗan Baffa ya sauke ya ce a gaida Inna. Ba laifi, sun yi ƙoƙari, amma na san abin da gonar nan take bayarwa, kuma na ga inda sauran ya nufa. Inna ta ce, "Tashi ka je ka yi godiya."

Na ce, "Wallahi ba ni zuwa. Godiyar me? Hatsin ubana?"

Ta ce, "Kai makaranta za ka koma. Ni da yaran nan a hannunsa za mu ci, bana da baɗi. Tashi."

Na je. Yana zaune kan tabarma a ƙofar gida, dattawa kewaye da shi. Na tuɓe takalmi daga nesa, na durƙusa, na ce, "Baffa, mun ga saƙo. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara arziki."

Ya ce, "Haba ɗana, ba komi. Ai aro ne. Duk ranar da ka gama karatunka, gonarka na nan."

Dattawa suka ce madalla, Allah ya bar zumunci. Na ce amin tare da su.

Na gama karatun da daɗewa. Baffa ya rasu, jikokinsa ke noman ta yanzu. Ba wanda ya sake tayar da maganar, har da ni.